Wa yake magana da yawun mai cin guminsa?

Duk wanda ya tashi a Kakuri ta Kaduna kafin a rufe masaƙu ya san kukan jiniya. Da ita muke sanin lokaci. In ta yi kuka da sassafe sai titi ya cika da kekuna, masu shiga aikin safe suna gaisawa da masu fitowa daga na dare, auduga ta maƙale musu a gashi da gira kamar sun yi furfura a dare ɗaya. Mahaifina yana cikinsu. Shekara ashirin da 'yan kai yana tsaye a gaban injin saƙa, har kunnensa na hagu ya daina ji sosai, in za ka yi masa magana sai ka zagayo ta dama. Amma ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai don an tambaye shi sana'arsa ba. Yakan ce "ni ma'aikacin masaƙa ne" da irin muryar da wani zai ce shi darakta ne. Da wannan albashin ya kai mu makaranta mu bakwai, ya yi wa kakarmu rufin kwano a ƙauye.

Ranar da aka rufe masaƙarsu ba wanda ya yi musu jawabi. Sun je da safe suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya rasu yana jiran kuɗin sallamarsa, katin aikinsa na nan a cikin jakar da yake ajiye takardun gida.

Na kawo wannan ne saboda wata magana da na ji a wurin ɗaurin aure makon jiya. Ana hirar zaɓe mai zuwa, sai wani dattijon bakanike, mutumin da ya yaye yara sun fi talatin a garejinsa, ya ce shi fa da zai samu dama da ya nemi kansila. Wurin ya ɗauki dariya. Wani ya ce, "Haba Baba, da baƙin mai a farce?" Shi ma ya yi murmushi ya bar zancen. Ni kuwa har na dawo gida abin yana ci mini rai, domin masu dariyar nan duk 'ya'yan teloli ne da magina da direbobi, kamar ni.

Yaushe muka fara jin kunyar aikin hannu haka? A ƙasar Hausa da sana'a ake sanin mutum. Akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Aska, akwai Sarkin Magina. Ka shiga cikin birnin Kano ka ji sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki, ka je Ƙofar Mata ka ga marina. Ban ce a da komai lafiya lau ba ne. Mun san akwai sana'o'in da ake ƙin ba masu su aure, mun san yadda sarauta ta danne talaka da haraji da aikin tilas. Amma ko a lokacin, mai sana'a yana da suna, yana da shugaba daga cikin 'yan'uwansa wanda ya san zafin wutar maƙera don shi ma a gabanta ya girma.

Kuma wannan talakan ne ya taɓa girgiza Arewa. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, waɗanda suka riƙe ta a unguwanni da ƙauyuka teloli ne, da 'yan koli, da mahauta, da malaman allo, da manoma. Su aka yi wa bulala, su aka ɗaure. Hajiya Gambo Sawaba ba ta wuce firamare ba, amma gidan yari ya san ta sau goma sha shida saboda ta ƙi yin shiru. Gaskiya ne Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, Balarabe Musa akanta ne, ba leburori ba ne. Sai dai jam'iyyar ta talakawa ce, da sisinsu da kwabonsu suka raya ta, don haka suna da bakin tuhumar shugabanninta. Shi ya sa da PRP, magajiyar NEPU, ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa ba su ɓata lokaci ba suka soke haraji da jangali. Gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Wanda ya biya kuɗin katin jam'iyya daga aljihunsa yana iya kama rigar gwamna ya ce ina alkawari. Wanda aka ba taliya da sabulu ran jajibirin zaɓe, da wane baki zai tambaya?

Ku duba yadda aka sa wa ƙofar farashi. A 2022 fom ɗin neman takarar majalisar wakilai a APC naira miliyan 10 ne, na majalisar jiha miliyan 2, na shugaban ƙasa miliyan 100. A PDP na shugaban ƙasa miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashinsa kaf na shekara biyar da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi takardar neman shiga majalisar jiharsa. Ta majalisar wakilai kuwa kusan shekara 28. Wannan fom ne kawai, ba a zo kan daliget ba, ba a zo kan fosta da motocin kamfe ba. Tsarin mulki kuma bai yarda mutum ya tsaya takara ba tare da jam'iyya ba. A 2018 an rage shekarun tsayawa takara, muka yi murna, amma ɗan mai walda da ya kai shekara 25 yana nan inda yake, ɗan mai kuɗi ne ya shiga da wuri.

Sakamakon haka muke gani a irin dokokin da ake yi. A Yulin 2024 an sa hannu a kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, bayan an cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma kuɗin mota da na abinci sun yi tashin gwauron zabo. To wa dokar ta shafa? Wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta hau kansa ba. Ɗan dako a Kantin Kwari ba ya ciki. Ɗan ga-ruwa mai tura kura da jarka goma sha biyu ba ya ciki. Mai adaidaita sahu da zai fita tun asuba ya haɗa balas ɗin mai keke kafin ya fara neman na cefane ba ya ciki. Yarinyar da ke aikatau a gidan masu hali, da matar da ke surfe, da lebura mai ɗaukar bulo zuwa hawa na uku ba takalmi ba hular kwano, duk ba sa ciki. Su ne mafi yawan masu aiki a garuruwanmu, amma in ana zancen "ma'aikata" a rediyo masu albashin gwamnati ake nufi. Ina girmama ƙungiyar ƙwadago, ta sha gwagwarmaya, kuma daga masaƙar Kaduna Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabance ta daga 1999 zuwa 2007, ya zama gwamnan Edo. Wannan ya nuna tsanin ya taɓa kasancewa. Amma masaƙun da suka zama matakalar farko an rufe su, kuma ba a kafa wani a madadinsu ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne atamfa. Mahaifina da abokansa su suke saƙa ta da audugar Funtua da Gusau. Yau 'ya'yansu mata ke layi a rana don karɓar turmi ɗaya da aka shigo da shi daga waje, an buga fuskar ɗan takara a jiki, ana ɗaukarsu hoto ana cewa an tallafa wa mata.

Wani zai ce ai majalisa wurin masu ilimi ne, doka ba gyaran mota ba ce. Na yarda ana bukatar ilimi, kuma ina cikin masu matsa wa yaran gareji su koma makarantar dare. Amma abin da tsarin mulki ya nema shi ne shaidar sakandare ko makamanciyarta, kuma dubban masu sana'a suna da ita, wasu har da difloma da digiri, rashin aikin ofis ne ya kai su ga sana'ar kuma suka riƙe ta da kyau. Ni kaina da difloma nake aikin wayarin. Sannan akwai ilimin da ba a samu a aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tela ya san abin da rashin wuta ke yi wa ɗinkin sallah. Direba ya san rasit nawa ake yanka masa tsakanin tasha da tasha. Mai shago ya san sau nawa masu karɓar haraji daban-daban ke zuwa masa a wata guda. In ba ɗaya daga cikinsu a ɗakin da ake yanke hukunci, wa zai faɗa?

Kuma kada mu ɗora wa 'yan siyasa laifin duka. Muna da ƙungiyoyi: ta makanikai, ta teloli, ta direbobi, ta masu adaidaita, ta 'yan kasuwa. Muna biyan kuɗin wata, muna yin adashi, in ɗan'uwa ya yi haɗari a kwana biyu mun haɗa kuɗin asibiti. Amma da zaɓe ya ƙarato sai shugabanninmu su ɗinka anko su tafi gidan ɗan takara "mubaya'a", su dawo da ambulan da alkawarin fili, mu kuma a kira mu cika filin taro. Ƙarfin da za mu iya tsayar da namu da shi, shi muke kai wa wani a farashin buhun shinkafa.

Ban ce mu fara da gwamna ba. Jihar Kano kaɗai tana da mazaɓu 484, kowace da kujerar kansila. Na san yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake a hannun gwamnoni, na san sau da yawa jam'iyya mai mulki ke kwashe kujerun duka. Amma ko a cikin jam'iyyar ne, ƙungiya mai mutum dubu biyu masu katin zaɓe a mazaɓa ɗaya, in ta tsaya a kan mutum ɗaya ta ce shi muke so, ba wanda zai yi mata dariya. Sharaɗin kawai shi ne kuɗin fom ya fito daga aljihunmu, ɗari biyar-biyar, a rubuta sunan kowa a littafi, don gobe in ya kauce mu iya kiransa gaban taro.

Taron ƙungiyarmu ta masu wayarin Asabar ta farkon wata ne, bayan la'asar. Na riga na gaya wa sakatare ya sa ni cikin masu magana, kuma na je har gareji na roƙi Baba bakanike ya zo ya zauna tare da mu. Ya ce zai zo in ya gama haɗa injin da ke gabansa.