Sabuntawar da ban nema ba

Kwamfutata lafiya lau take, har ranar Talata da saƙo ya fito cewa akwai sabuntawar BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta idan an kunna ta), kada in cire caja. A Yamai fa, cikin zafin Afrilu, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama! Na zauna ina kallon layin sabuntawar yana tafiyar hawainiya, gabana na faɗuwa, don na san idan ta mutu a tsakiyar aikin, mai yiwuwa ba za ta sake tashi ba.

Ta gama, ta kunna kanta, sai ga shuɗin allo yana neman mabuɗin BitLocker (tsarin Windows mai kulle faifan ajiyar kwamfuta), lambobi 48. Wallahi ban ma san an kulle faifan ba. Aikin mutane na ciki, lissafin shago na wata uku. Sai da ƙanena ya shiga asusuna na Microsoft ta wayarsa muka samo lambobin, yana karantowa shida-shida ina bugawa, gumi na ɗiga a kan madannai.

Bayan nan fankar kwamfutar ta kama ruri kamar injin niƙa, batir ya ƙi caji. Na kai ta kasuwar Katako. Mai gyara ya cire batir, ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ya maida saitin BIOS yadda ya zo daga kamfani. Ya ce, "Alhaji, jika biyar."

Abin da ke ƙona mini rai, kamfanin bai gargaɗe ni ko da layi ɗaya ba cewa in adana mabuɗin tukuna. Har yau fankar ba ta yi shiru ba.