Digiri muka gani, ina aikin da suka yi a baya?

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton nan da kuka jero tarihin sababbin 'yan Majalisar Dokokin Jihar Katsina, wane ɗan kasuwa, wane tsohon kansila, wane mai digiri biyu. Allah ya saka da alheri, amma kun tsaya a takardu.

A ɓangaren karatu, tsarin mulkin 1999 bai nemi komai ba sai ilimin matakin sakandare, kuma tun 2018 aka rage shekarun takara daga 30 zuwa 25. Ƙofa a buɗe take, madalla. Abin da ni nake son sani game da kowanne cikin mutum 34 ɗin nan shi ne, da wa ya zauna kafin zaɓe? Wanda ya koyar a firamare ya san ajin da yara ke zaune a ƙasa, rufin kwano ya yaye, malami ɗaya na fama da aji biyu. Wakilin Batsari ko Jibia ko Faskari, in dai a can yake kwana, ba sai an ba shi labarin manomin da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga ba. Wanda kuwa ubangida ya ɗauko daga Abuja, ranar duba kasafin kuɗi hannu kawai zai ɗaga.

Marigayi Umaru Musa Yar'adua ma malamin makaranta ne kafin siyasa, mu Katsinawa mun ga tasirin hakan.

Don Allah ku koma mazaɓunsu, har nan Daura, ku tambayi maƙwabtansu da waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsu, sannan ku kawo mana kashi na biyu.