'Yan Sarin Tikiti Sun Ishe Mu

Wallahi abin nan ya kai ni bango. Duk lokacin da wani babban mawaƙi ya sanar zai yi wasa, labarin ɗaya ne. A buɗe sayar da tikiti, kafin ƙiftawar ido a ce ya ƙare. Ka leƙa wani shafin, sai ka tarar da kujerun nan dai an baje su, layi bayan layi, kuɗinsu ya ninka uku, ya ninka biyar, wani ma goma. Kuma in ka buɗe baki ka ce an cuce ka, nan take wani zai taso maka da cewa ai kasuwa ce, mai kaya ya faɗi kuɗinsa, in ba ka iya ba ka bari. Wannan magana ce ta fi ƙona mini rai, fiye ma da tsadar kanta.

Wanda bai taɓa shiga layin nan ba ba zai gane irin takaicin ba. Ni da ƙanwata mun taɓa zama tun da sassafe, ita da waya, ni da kwamfuta, saboda wasan wani mawaƙi da ta daɗe tana tara kuɗi dominsa. Ta rubuta lambar katin a takarda ta ajiye kusa da hannunta don kada ta ɓata ko daƙiƙa ɗaya. Allo ya nuna mana dubban mutane a gabanmu, lambar tana raguwa kamar ba ta so. Da aka iso kanmu, taswirar zauren ta buɗe, ga ɗigo-ɗigon kujeru masu launi. Ta taɓa biyu, suka koma ruwan toka, rubutu ya fito cewa wani ya riga mu. Ta taɓa wasu, haka. Muna kallo launin yana ɓacewa har zauren ya zama toka gaba ɗaya. Ko shayin da ta haɗa bai gama hucewa ba, sai ga sashen da muke nema a wani shafin sake sayarwa, da kuɗin da ya fi abin da ta tara sau huɗu. Ba ta ce komai ba, ta ninke takardar nan ta saka a aljihu.

Wanda ya riga mu ɗin, sau da yawa ba mutum ba ne. Manhaja ce da ake kira bot, wadda aka ƙera don ta cike fom ta biya kuɗi cikin abin da bai kai ƙiftawa ba, da sunaye daban-daban da katunan banki daban-daban. Ofishin babban lauyan jihar New York a Amurka ya fitar da rahoto a 2016, a ciki ya nuna yadda manhaja guda ta kwashe tikiti 1,012 cikin minti ɗaya na wasan ƙungiyar mawaƙan U2 a zauren Madison Square Garden, ranar da aka buɗe sayarwa a watan Disamba na 2014. Alhali ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce kada mutum ɗaya ya wuce tikiti huɗu. Kafin ranar ta ƙare, dillalai biyu kacal sun haɗa sama da tikiti 15,000 na wasannin ƙungiyar. To ina yatsan ɗan Adam zai kai wannan? Rahoton ya kuma gano cewa a manyan wasanni, abin da ake fito wa jama'a da shi ranar buɗe kasuwa bai kai rabin kujerun ba, sauran an riga an ware wa na ciki da masu katunan alfarma. Wato tun kafin ka zauna gaban allo, an cinye rabi, ragowar kuma kana kokawa da na'ura a kai.

Yanzu mu dawo kan batun wai kasuwa ce. Ni ban raina ciniki ba, kuma ban ce riba haramun ce ba. Ɗan kasuwa na gaskiya yana ɗauko kaya daga inda suke da yawa ya kai inda ake buƙata, ya biya kuɗin mota, ya biya ajiya, ya ɗauki asarar abin da ya lalace. Ribarsa ladan wahalarsa ce. Mai sarin tikiti fa, me ya ƙara? Ba shi ya rera waƙar ba, ba shi ya kafa dandamali ba, bai ƙara kujera ko ɗaya a zauren ba, bai kawo tikitin kusa da kowa ba, domin dama yana wayar kowa. Abin da ya yi kawai shi ne ya shiga tsakaninka da ƙofa. Kamar mutum ne ya zo bakin rijiyar da ba shi ya haƙa ba, ya janye guga, ya ce duk mai son ruwa sai ya biya shi. Ƙarancin da yake fakewa da shi, shi ne ya ƙirƙire shi da hannunsa, sannan ya juyo yana sayar maka da maganinsa.

Akwai ma waɗanda suka wuce nan a rashin kunya. Suna tallata tikitin da ba su mallaka ba, tun kafin a fara sayarwa. Ka biya kuɗi mai yawa, su riƙe, in sun samu mai araha daga baya su tura maka su cinye bambancin, in ba su samu ba su maido maka da kuɗinka bayan ka riga ka biya kuɗin tafiya da masauki. Da kuɗinka suke caca, asarar kuma a kanka take.

Wasu masana tattalin arziki suna cewa laifin mawaƙa ne, da sun sa farashi daidai da yadda ake rububin abin, da babu gurbin da ɗan sari zai shiga. A lissafin takarda haka ne. Amma mawaƙi da yawa da gangan yake sassauta kuɗin, saboda ya san su wa suka ɗaga shi. Ya san ɗalibai ne, da ƙananan ma'aikata, da matasan da suka haddace waƙoƙinsa tun ba wanda ya san sunansa. Yana so ya ɗaga kai ya gan su a gabansa. Wannan sassaucin kyauta ce daga gare shi zuwa ga masoyansa, ɗan sari kuma ya tare ta a hanya ya zuba a aljihu. Ko sisi daga ƙarin nan ba ya isa ga makaɗa, ko masu haɗa sauti, ko masu gadin ƙofa, ko masu share zauren bayan an watse.

Sai kuma a ce ai waƙa ba abinci ba ce, ba magani ba ce, in ba ka je ba ba za ka mutu ba. Gaskiya ne. Amma tun yaushe aka ce cuta ba ta zama cuta sai a kan abin da ke kashewa? Talaka ma yana da haƙƙin ya ji daɗin ransa na dare ɗaya da kuɗin da ya yi wa gumi. In aka bar abin a haka, zauren waƙa zai koma na masu hannu da shuni zalla, wanda ya fi kowa son mawaƙin kuma ya kalla a waya.

Kada a fahimce ni baibai. Wanda ya sayi tikiti da niyyar zuwa, rashin lafiya ko tafiyar gaggawa ta hana shi, yana da cikakken iko ya sayar ya maido kuɗinsa. Babu mai hankalin da zai hana wannan. Da wanda ya mai da kwashe tikiti sana'a nake.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A nan ne abin ya fi ɗaci, domin ɗan sari ba zai iya wannan ɓarna shi kaɗai ba sai da wanda ya buɗe masa rumfa. Shafukan sake sayarwa suna yankar la'ada a wurin mai sayarwa, su sake yanka a wurin mai saye, kuma la'adar kaso ce na farashin. Ma'ana duk yadda kuɗin ya haura, haka rabonsu ke haurawa. Ta yaya za ka sa ran su tsawatar? A 2020 kamfanin sake sayar da tikiti na Viagogo ya kammala sayen takwaransa StubHub a kan dala biliyan 4 da 'yan kai. Wannan tulin kuɗi daga aljihun wa ake sa ran maido shi? Shi kansa Ticketmaster, kamfanin da ke sayar da tikiti a karon farko, wanda ya haɗe da kamfanin shirya wasanni na Live Nation a 2010 ya zama giwar harkar, yana da nasa sashen sake sayarwa. Tikiti ɗaya, ya ci kuɗin hidima a sayarwar farko, ya sake ci a ta biyu. A 2018 'yan jaridar CBC da Toronto Star na Kanada sun ɓad da kama sun shiga wani taron dillalan tikiti a Las Vegas, suka ruwaito yadda ake tallata wa dillalai manhajar kamfanin mai suna TradeDesk don sauƙaƙa musu baje hajarsu. Kamfanin ya musanta cewa yana ba dillalai tikiti ta bayan fage. Ya musanta ko bai musanta ba, ni abin da na sani shi ne mai gadin da ke samun riba idan an tsallake katanga, ba zan kwanta barci a kan gadinsa ba.

Duniya ta ga yadda abin yake a watan Nuwamba na 2022, lokacin sayar da tikitin mawaƙiya Taylor Swift. Shafin Ticketmaster ya durƙushe, mutane suka kwashe sa'o'i a layi, aka sayar da tikiti sama da miliyan 2 a rana ɗaya, daga ƙarshe aka soke sayarwar da aka ware wa jama'a baki ɗaya. Kamfanin ya ɗora wani ɓangare na laifin a kan manhajojin bot. A shafukan sake sayarwa kuwa tikiti bai ƙare ba, yana nan a dubban daloli. Majalisar dattawan Amurka ta yi zama a kai a Janairun 2023, aka yi ta faɗa, aka tashi. A Mayun 2024 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta maka Live Nation a kotu bisa zargin babakere.

Mafi muni, masu sayarwar farko sun fara koyon halin 'yan sari. Da ƙungiyar mawaƙan Oasis ta sanar za ta dawo, aka buɗe sayarwa a ƙarshen Agustan 2024. Mutane a Birtaniya da Ayilan suka yini a layi, da suka iso sai suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma sama da fam 350, ga agogo yana ƙirga musu 'yan mintoci su yanke shawara. Mutumin da ya ɓata yininsa, zuciyarsa na bugawa, aka ce masa ko ka biya yanzu ko ka rasa, wannan ba a ce ya saya da yardarsa ba. Sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike.

Ga kuma wanda ya daure ya biya ɗan sari, shi ma bai tsira ba. Na taɓa gani da idona a ƙofar wani zaure, wata mata da 'yarta sun ci ado, yarinyar har da rigar da ke ɗauke da hoton mawaƙin. Mai gadi ya ɗora na'ura a kan wayar, ta yi ja. Ya sake, ta sake yin ja. An riga an shiga da wannan lambar, domin wanda ya sayar mata ya sayar wa wani ma. Matar tana ta nuna masa rasit, shi kuma yana cewa ta yi haƙuri ta matsa gefe, layi na jira. Ban ga laifin mai gadin ba, ban kuma yarda a ce ai ita ta jawo wa kanta ba. An rufe mata ƙofar gaskiya ne, ta bi wadda aka bar mata.

Abin da ya sa ba na karɓar uzuri shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. Faransa tun 2012 ta haramta mai da sake sayar da tikiti sana'a ba da izinin mai shirya wasa ba, tarar ta kai yuro 15,000. Dokar Japan ta fara aiki a 2019, har da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Ayilan a 2021 ta hana sayar da tikitin manyan wuraren da aka ayyana sama da kuɗin da aka buga a jikinsa. Bikin waƙoƙi na Glastonbury a Ingila tun 2007 yake sa hoton mai shi a jikin tikiti, in ba fuskarka ba ce ba ka shiga. Mawaƙi Ed Sheeran a 2018 ya soke tikiti kusan 10,000 da aka kai shafukan sari. A birnin Leeds na Ingila, a 2020, kotu ta ɗaure wasu mutum biyu da suka yi amfani da sunaye da katuna barkatai wajen kwashe tikiti, ɗaya shekara huɗu, ɗaya shekara biyu da rabi. Duk wannan an yi, kuma wasanni ba su mutu ba.

Inda aka gaza, niyya ce babu. Amurka ta haramta amfani da bot wajen sayen tikiti tun 2016, amma sai Janairun 2021 aka fara hukunta wani da dokar. Shekara huɗu da ɗoriya doka tana kwance a takarda, 'yan sari suna sheƙe ayarsu.

Don haka ni ba na roƙon ɗan sari ya ji tausayi, ba zai ji ba. Da mawaƙa da masu shirya wasa nake magana, domin su ke sa hannu a kwangila. Ku faɗa mana kujeru nawa ne za a fito da su ga jama'a kafin mu ɓata yininmu. Ku sa sunan mai saye a jikin tikiti. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya maido ta hanyar da kuka tanada, a ba na gaba a layi a kan kuɗin asali. Duk tikitin da kuka gani an baje a shafin sari, ku soke shi ku sake sayar wa wanda zai zo da ƙafarsa. Hukumomi kuma su sa iyaka a kan farashin sake sayarwa, kuma in an karya, tarar ta hau kan shafin da ya karɓi la'ada, tunda shi ne yake da ofis da adireshin da za a same shi.