Gado mun raba, amma mutanen Baba wa ya gaje su?

Jama'a akwai abin da ya daɗe yana cina game da yadda muke tuna mamatanmu yanzu, bari yau in faɗa ko da wasu za su ji haushina. Mutum ya rasu, an yi jana'iza, an yi zaman makoki, sadakar uku ta wuce, masu arba'in sun yi, iyaye mata sun fita takabarsu ta wata huɗu da kwana goma, an kira malam ya raba gado kowa ya kama nasa, daga nan sai shekara ta zagayo a ɗora hotonsa a Facebook, yau shekara kaza da rasuwar Baba, mutane su yi ta Allah ya jiƙansa a ƙasa, shikenan an sauke nauyi. Ban raina addu'a ba, wane ni, ita ce ma kan gaba. Amma mutanensa fa? Aminansa da 'yan majalisarsu, tsohuwar da yake aika wa hatsi duk azumi ba tare da ko matansa sun sani ba, su wa ya gaje su?

Mahaifinmu fataucin goro ya yi rayuwarsa, daga Shagamu zuwa kasuwar Mariri a nan Kano. Maigidansa a can wani dattijo ne Bayarabe, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, a gidansa Baba yake sauka tun suna samari, kuma tsakaninsu babu takarda babu sa hannu, a loda huhun goro a mota kuɗi ya biyo baya. Baba ya rasu cikin azumin 2020, lokacin kullen korona da Kano ta yi ta rasa dattawanta, ko zaman makoki na kirki ba a yi ba, an hana shiga daga jiha zuwa jiha, mutumin nan sai a waya ya yi mana gaisuwa yana magana muryarsa na sarƙewa. Da aka buɗe hanya sai ga shi da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya zauna kan tabarma a zaure ya zura hannu aljihun agwadarsa ya fito da kuɗi a ƙulle cikin baƙar leda, ya ce ragowar cinikin da Baba yake binsa ne. Wallahi babu ko mutum ɗaya a gidanmu da ya san da bashin nan. Ya ce a kai shi makabarta, aka kai shi. To irin wannan mutumin ne za a ce an binne Baba an binne da shi?

Kuma fa ba al'ada kawai nake magana ba. A Sahihu Muslim an kawo yadda Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa ya cire rawaninsa ya ba shi, abokan tafiya suka ga abin ya yi yawa, ya ce musu mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafificiyar biyayya ita ce ɗa ya sadar da zumuncin masoyan mahaifinsa. Ku duba fa, ba abokin ba ne ma, ɗan abokin ne! Shi kansa Annabi (SAW) bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta nama. Malamai suna karanta mana wannan muna gyaɗa kai, layya ta zo mu cika firiza.

Ɓangaren mata ma ya fi ban tausayi. Uwa ta yi shekaru tana zuba biki, suna, aure, rasuwa, babu inda ba ta sa ƙafa, ƙawayenta su ne suka yi mata tsaye a wankan jegonmu, amma tana rasuwa sai a tashi auren autarta a manta da su, kati ya ƙare a kan 'yan ofis da 'yan guruf ɗin makaranta. Su kuma tsofaffin nan da kunya da kara, ba za su zo ba a kira su ba, sai dai su ji a gari.

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka, ga hanya ba tsaro. Gaskiya ne, ni ma ba kullum nake iya zuwa Shagamu ba. Amma kiran waya ranar Juma'a nawa ne? Datar da muke ƙonawa a TikTok ta ishe shi. Kuma yawancinsu ma a unguwa ɗaya muke da su, masallaci ɗaya, sai dai mu ɗaga musu hannu daga kan mashin.

Wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan, don Allah kafin a ba wani yaro wayar mamacin ya goge komai, a zauna a kwashe lambobin ciki a rubuta a littafi, a tambayi iyaye mata wane ne wane, don wasu da laƙabi kawai ya ajiye su. Layin ma in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani sayar wa wani yake yi.