Ku ƙyale masu Fijo su sauya inji

Tun da hotunan tsofaffin Fijo 504 masu injin Toyota a ciki suka fara yawo a Facebook, wasu 'yan birni suka tashi da kuka. Wai an ci amanar mota, wai an kashe tarihi, wai duk wanda ya san darajar 504 ba zai bari bakanike ya ciro mata injinta na asali ba. Akasarin masu wannan kukan ba su taɓa sauka sun tura mota a yashin hanyar ƙauye ba, kuma ba su ne za su biya kuɗin mai ranar Alhamis idan za a tafi kasuwar Maigatari ba.

Ba wanda ya musa cewa mota ce mai asali. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin PAN na Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da barinta. Dalilin daɗewarta a nan shi ne ƙarfin jiki, tsayin ƙasa, da ƙafafun baya da ke tura ta cikin yashi da taɓo. Duk waɗannan suna nan daram. Abin da ya gaji shi ne injin. An yi masa ringi, an sake yi, an wanke karanshaf har ba sauran abin wankewa, yana shan baƙin mai, kafireto kuma yana zuƙar fetur kamar an huda tanki. Da can ana jurewa saboda mai na da araha. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Direban da ke jigilar buhunan riɗi da gero daga ƙauyukan Gumel zuwa Dawanau ya zauna ya yi lissafi, ya ga zaɓi biyu ne: ko ya je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo inji ɗan Beljiyam, ko ya jingine motar a gindin darbejiya kaji su yi ƙwai a ciki. To, wane tarihi ne aka adana a motar da ta zama akurki?

Masu cewa ya sayar ya sayi sabuwa, sai su faɗa mana da wane kuɗi. Masu cewa a mayar da ita ta gas kuwa, su fara nuna mana gidan gas ɗin mota a Babura ko Kirikasamma tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda hayaniyar tarihi ta danne maganar da ya kamata a yi. Sauya inji ba ɗauko wannan a dasa wancan ba ne. Injin injakta, wato mai fesa mai ba tare da kafireto ba, yana tafe da ƙwaƙwalwarsa ta kwamfuta da wayoyinsa da na'urorin da ke gaya masa zafin ruwa da yawan iska, yana kuma buƙatar famfon mai na lantarki mai ƙarfin turi, wanda tsohuwar Fijo ba ta zo da shi ba. Dole mazaunin inji ya daidaita, giya ta haɗu da shi, farfela ta kai inda ya kamata ba tare da karkacewa ba, lagireto kuma ya iya da zafin Afrilu. Amma me ake gani a garejin bakin titi? Mai walda ya ɗinka ƙarfe da ido, mai wayarin ya murɗe wayoyi ya naɗe da leda, bakanike ya cire abin daidaita zafin ruwa ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye ya ce ai nan ba Turai ba ce. Daga nan inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwa ta dinga ƙara masa mai, rangwamen da aka yi aikin dominsa ya bi iska. Ga man bumburutu da ake ɗurawa daga galan, wanda kafireto ke haɗiyewa ba gardama amma yake toshe injakta.

Sai birki, wanda ba na jin kowa yana ambata. An ƙara wa mota ƙarfi da gudu, an bar mata birkin da aka tsara wa injin da ya kai shekara arba'in, a-kori-kurar ma birkinta na baya na ganga ne. A ɗora mata awaki da mutane da buhuna ranar Juma'a a nufi Wudil, direba ya ji ta tana amsa masa fiye da da, ya taka. Wannan ne abin kuka, ba tambarin da ke jikin inji ba.

Ƙungiyoyin makanikai na da hurumin cewa kada inji ya shiga sai an taɓa birki da tayoyi, kuma iyayen gida a gareji su tura yaransu su koyi aikin injakta da na'urar gwaji maimakon lalube. Hukuma ma tana da nata. Takardun mota na ɗauke da lambar inji, kuma mutumin ƙauye da ya sauya nasa da halaliyarsa bai kamata ya rasa ofishi kusa da zai je a gyara masa takarda ba. A yanzu a shingen hanya yake jin labarin, bayan an ce ya ɗaga bonet, fasinja na jira cikin rana, a fara tambayarsa inda ya samo injin.