Masu zane a Kaduna da jiran gawon shanu

Tun da aka kafa ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya a watan Agustan 2023, aka ɗora Hannatu Musawa a kanta, kalma ɗaya ke yawo a baki idan aka tayar da maganar halin da masu zane suke ciki: asusu. Za a buɗe asusu, za a ba da rance, a cike fom a saurara. Alƙawari kam mun saba da shi, ba ya tayar wa kowa hankali. Abin haushin shi ne yadda wasu daga cikin masu sana'ar a nan Kaduna suka mayar da shi hujjar naɗe hannu. Duk wanda ya kawo shawarar a haɗa kai a riƙa sayar da ƙananan ayyuka ana tallafar juna, sai a ce ya dakata, babban abu na tafe daga Abuja, kada a zubar da darajar sana'a da cinikin tsiya.

To, an taɓa yin irin wannan jiran. A 2019 Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna sun fito da shirin rance ga masu ƙirƙira, da ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara. Fannoni huɗu aka lissafa: ɗinki da kwalliya, fasahar kwamfuta, fim, sai kiɗa. Mai riƙe da burushi, da mai sassaƙa, da mai ginin tukwane, da mai zayyana, ko sunansu ba a kira ba.

Amma mu ƙaddara wannan karon an tuna da su. A ce an ba mai zane naira miliyan ɗaya a kan wancan ruwan na kashi 9, ya biya cikin shekara uku. Kusan naira 32,000 ke nan duk wata, sau 36, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Tela zai iya, don kowane mako ana kawo masa ɗinki. Mai zane fa? Kasuwarsa ta lokaci ce. Akwai bukukuwan aure na bayan salla da na watan Disamba, inda ake neman hoton ango da amarya. Akwai liyafar ban kwana idan wani babba ya yi ritaya, ma'aikata su haɗa kuɗi a zana shi a ba shi. Tsakanin wannan da wancan ana iya yin wata biyu ba a sayar da ko takarda ɗaya ba. Banki bai san damina ba, bai san azumi ba. Kuma idan aka zo batun jingina, wane manajan banki ne a titin Yakubu Gowon zai karɓi zane goma a madadin takardar fili? Wanda ya ba mutumin da ba shi da mai saye bashi, ya ƙara masa kaya ne a kan wanda ya riga ya danne shi. Da kuɗin zai sayi fenti ya ƙara zana abin da zai jingine a bango.

Wahalar ba ta ɓuya ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Fentin kirki, na mai da na akirilik, da burushi, da takarda mai kauri, kusan duka daga waje ake shigo da su, don haka dala suke bi. Wanda zai sayi zanen kuwa albashi yake bi, kuma mafi ƙarancin albashi na tarayya naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Mutumin da ke lissafin mudun shinkafa ba ya lissafin abin da zai rataya a falo.

Idan kaya suka yi tsada sai a fara ha'incin dole, kuma a nan sana'ar ke cin kanta. A sayi yadi mara nauyi a maimakon kanbas, a shafe shi da fentin bango da aka dama da gam, a yi shafi ɗaya inda ya kamata a yi uku. Mai ya ratsa yadin, bayan shekara biyu zanen ya fara tsagewa. A haɗa firam da ɗanyen katako, hunturu ya zo ya busar da shi ya murɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga daga bango. A yi hoto da gawayi a fesa masa man gashi don ba kuɗin maganin da ke kama gawayin, takardar ta koma ruwan ɗorawa. A manne takarda da gilashi ba tazara, danshin watan Agusta ya shiga, fumfuna ta fito a fuskar amarya. Wanda ya saya sau ɗaya aka yi masa haka ba ya dawowa, kuma ba zai ce wane ne ya cuce shi ba, cewa zai yi masu zane ba su da amana.

Masu rubutun allon talla kuwa, waɗanda a da kowane shago a Ahmadu Bello Way da Kasuwar Barci aikinsu ne a goshinsa, injin buga fileks ya riga ya cinye su. Masu zana furen atamfa sun rasa wurin zuwa tun da masaƙun Kakuri suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Jihar da ta haifi Ƙungiyar Fasaha ta Zariya a 1958, wadda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa suna ɗalibai, har yau Jami'ar Ahmadu Bello tana yaye masu zane duk shekara, amma kasuwar tana Legas. Can ake manyan baje koli, can dillalai suke, kuma gidan baje koli kan ɗauki kashi 30 zuwa 50 na kuɗin a matsayin la'ada. Ana yawan kawo misalin Tutu, zanen Ben Enwonwu da aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018, don a nuna akwai kuɗi a sana'ar. Akwai, ga wanda ya rasu tun 1994.

Masu cewa kowa ya koma sayarwa Turawa ta intanet ba su taɓa tambayar kuɗin aika zane ɗaya zuwa Ingila ba. Masu cewa zane ba sana'a ba ce, a nemi abin yi, su duba bayan naira 20 su ga Ladi Kwali da tukunyarta.

Wani abin da ake yi da sunan taimako shi ma yana buƙatar a faɗa masa gaskiya. Wani ya kwanta asibiti, sai a ce kowa ya kawo zane kyauta a yi gwanjo. A kama ɗakin taro, a yi hayar kujeru da lasifika, a gayyato babban baƙo. Ya zo a makare, ya yi jawabi, ya nuna aikin da aka kwashe mako uku ana yi ya ce ya saya, yaronsa ya sa a mota, kuɗin kuma “za a turo”. Wa zai bi ranka ya daɗe bashi? Idan an cire kuɗin ɗaki da na lemo, abin da ya isa hannun mara lafiya bai kai kuɗin fentin da aka zubar ba. Talakawa ashirin sun yi asara don a taimaki talaka ɗaya, ga kuma farashin da aka karya a gaban jama'a, wanda gobe mai saye zai kafa hujja da shi.

Tsarin da ya fi wannan hankali ya fito ne a Ingila cikin watan Maris na 2020, lokacin kullen korona. Wani mai zane, Matthew Burrows, ya kafa ƙa'ida mai sauƙi a Instagram: ka sa aikinka a kan kuɗin da bai wuce fam 200 ba, duk sanda cinikinka ya kai fam 1,000, ka ware fam 200 ka sayi aikin wani. Babu kyauta, babu bara, mai saye ya tafi da kaya, mai zane ya riƙe mutuncinsa. Abu biyu ne suka sa ya yi aiki, wato rufin da aka sa wa farashi, da kuma ƙa'idar da kowa ya sani tun kafin ya shiga.

Sai dai kwafo shi yadda yake ganganci ne. A ce rufin namu naira 25,000 ne, wajen sulusin mafi ƙarancin albashi. A ce takarda da fenti sun ci 4,000, naɗewa da aikawa ta tasha sun ci 5,000, data da kuɗin Keke 1,000. Saura 15,000. Idan ka sayar da biyar, cinikin 125,000 ne amma abin da ya zauna a aljihu 75,000 ne. Cire 25,000 daga nan sulusin guminka ne, ba ɗaya bisa biyar ba. Sannan wa za ka saya wa? Abokinka, ko wanda ya taɓa saya maka. Dattijon da idonsa ya yi rauni, wanda ba ya Facebook balle Instagram, shi ne ya fi kowa buƙata kuma shi ne kuɗin ba zai taɓa zagayowa kansa ba. Mai jinya kuma magani yake so yau, ba ya iya jiran wani ya cika ciniki biyar.

Abin da ya dace da mu yana cikin gidajenmu tun kaka da kakanni. Matan da ke zubin adashe a Tudun Wada da Rigasa sun warware wannan lissafin ba tare da taron bita ba. Bambancin kawai, zubin masu zane ya kamata ya fito daga ciniki, ba daga aljihu ba, saboda wanda bai sayar ba ba shi da abin zubawa. Mutum 20, kowa ya kawo ƙananan ayyuka a sayar da sunan ƙungiya, kuɗi ya shiga asusu guda, a cire ushiri a tura wa mai aikin sauran a ranar. Idan kowa ya sayar da biyu a wata a kan 20,000, cinikin 800,000 ne, ushirinsa 80,000, a shekara 960,000. Ba dukiya ba ce. Amma rabinta ya isa a sayi kanbas a dunƙule da fenti a katan a raba a farashin sari, wanda shi kaɗai zai rage wancan ha'incin na dole. Ɗaya rabin a ajiye don asibiti da haya da ya ƙare, ko a biya wa mambobi inshorar lafiya ta jiha a hukumar KADCHMA. Lissafin misali ne, kowa ya sa nasa alƙaluman.

Abin da za a sayar shi ne inda ake yawan yin kuskure. Gidaje da yawa a arewacin gari ba za su rataya surar mai rai ba ko da kyauta aka ba su, kuma babu amfanin yin musu da mai gida a kan abin da ya yarda da shi. Zayyana, da rubutun ayoyi, da dagi, da zankwayen gidajen Zariya, da dutsen Kufena, da ruwan Matsirga, waɗannan suna shiga ko'ina. A Barnawa da Sabon Tasha kuma hoton fuska da na iyali suna tafiya. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya raba garin, ya raba kasuwar da shi, don haka ƙungiyar da duk mambobinta suke gefe ɗaya na gada ta yanke wa kanta rabin masu saye. A tsaya a kan takarda mai girman A4 ko A3, ba gilashi, a bar wa mai saye firam. Gilashi ba ya kai Abuja lafiya a but ɗin mota. Kanbas kuwa a cire shi daga katako a naɗe, fentin yana kallon waje don kada ya tsage, a zura a bututun roba irin na famfo. Aikin da aka yi oda, rabin kuɗi kafin alƙalami, ko ɗan majalisa ne. Kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a asusu da ido, domin alat na bogi ya zama ruwan dare.

Na san abin da za a ce: ma'aji zai cinye. Zai iya, an sha gani. Shi ya sa ake rajistar ƙungiyar gama kai, a buɗe asusun da sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, a riƙa liƙa bayanin banki duk ƙarshen wata a zauren WhatsApp kowa ya gani. Ɓarnar da ta fi ta ma'aji ma ita ce ta mamban da zai samu mai saye ta hanyar ƙungiya, sannan ya ja shi gefe su ƙarasa ciniki a ɓoye don kada a cire ushiri. Wannan a kore shi a karon farko, ko malamin kowa ne. Kunyar manya ce ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyin, ba talauci ba.

Gwamnatin jiha, idan da gaske tana son sa hannu, ba sai ta kafa kwamiti ba. Rumfa kyauta a baje kolin ƙasa da ƙasa na hanyar Zariya, da kusurwa ɗaya a Dandalin Murtala ranar Asabar ɗaya a wata, sun fi fom dubu amfani. Ofisoshinta kuma cike suke da hotunan furanni da aka bugo a Sin, an rataya su a garin da ke da nisan awa ɗaya da Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello.