Jirgin Disney ba ƴar raino ba ne

Wai har yanzu akwai masu dagewa cewa kamfanin Disney ne ya kamata ya amsa laifi a kan yarinyar nan ƴar shekara 5 da ta faɗa teku daga jirgin Disney Dream a ƙarshen Yunin 2025. Madalla da wannan hukunci! Da alama duk wanda ya biya kuɗin tikiti ya sayi ƴar raino ke nan, sai ya miƙe ƙafa, ya bar wa ma'aikatan jirgi kula da ɗan da shi ya haifa.

Ƴan sandan Florida sun bayyana cewa yarinyar tana zaune ne a kan shingen wata taga a hawa na huɗu ana ɗaukar ta hoto, sai ta zame ta baya, a lokacin da jirgin ke dawowa daga Bahamas zuwa Fort Lauderdale. Uban ya yi tsalle ya bi ta, ma'aikata suka saukar da kwale-kwalen ceto suka tsamo su da ransu. Ina gazawar kamfani a nan? Tun 2010 dokar Amurka ta wajabta kada shingen irin waɗannan jirage ya gaza inci 42, kuma shinge, komai tsawonsa, aikinsa ya tare wanda ke tsaye a bayansa, ba ya iya tare wanda ya hau kansa ya zauna.

Za a ce ai su suka kira shi jirgin iyali, don haka kada su bar kafar da yaro zai faɗa. To, sai su toshe kowace taga da siminti, fasinja dubu huɗu su biya maƙudan daloli su yi kwanaki ba su ga ruwan da suka zo kallo ba.

Tun da jirginsu na farko, Disney Magic, ya fara aiki a 1998, kamfanin yake tsara jiragensa saboda masu ƙananan yara. A sashen wasa na Oceaneer Club ana ɗaura wa kowane yaro abin hannu mai na'ura, kuma ba a sallamar sa ga kowa sai wanda aka yi wa rajista ya zo ya faɗi kalmar sirri. A 2013 suka zuba masu ceto a bakin wuraren ninƙaya. Duk wannan rage wa iyaye nauyi ne, amma ba wanda ya yi alkawarin sauke musu shi, kuma yaron da ke hannun iyayensa amanarsa tana wuyansu.

Ba jifan iyayen nan nake yi ba, wallahi. Masu gabatar da ƙara sun duba lamarin sun ƙi tuhumar kowa, kuma mutumin da ya jefa kansa cikin teku saboda ƴarsa ya fi ƙarfin bakin masu sharhi, musamman waɗanda suka yi gaggawar ƙaƙaba masa laifi tun ba a gama bincike ba. Allah ya kyauta.

Mai neman abin sukar Disney ya je ya duba farashi. Jiragensu ba su da gidan caca, saɓanin na kamfanonin Carnival da Royal Caribbean, abin da na yaba ƙwarai, amma ina zargin kuɗin da cacar za ta kawo ne suke tatsa daga aljihun mai iyali tun a wajen sayen tikiti.